Kalmomi masu haruffa biyar ba su ne Turanci ba

Kun dai ga abin da ya faru jiya a ƙarƙashin tallar nan ta darasin Turanci da ake sa yara haddace jerin kalmomi. Na faɗi gaskiyata, aka yi mini ca, har da masu cewa hassada ce. To bari in maimaita da babbar murya: wanda ya tara wa yara jerin kalmomin Turanci masu haruffa biyar, waɗanda suka fara da kaza suka ƙare da kaza, ya ce su haddace, ya karɓi kuɗin iyayensu, bai koya musu Turanci ba. Cutarsu ya yi.

Abin da ya sa raina ya ɓaci haka, na gani da idona. Ɗan ƙanwata yana cikin masu ɗaukar darasin. Ya kawo mini littafinsa yana murna, ya ce, "Kawu, duba, na haddace ɗari biyu." Shafi bayan shafi, an ja layi da rula, kalmomi a jere reras, ko ɗaya babu ma'ana a gabanta. Na ɗora yatsa a kan layi guda: tough, cough, dough, bough. Duk haruffa biyar-biyar, duk sun ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya. Na ce ya karanta. Ya karanta su da sauti ɗaya, kamar waƙa. Alhali ta farko "taf" ake faɗa, ma'anarta tauri. Ta biyu "kof", wato tari. Ta uku "do", kwaɓaɓɓen gari. Ta huɗu "bau", reshen bishiya. Kalmomi huɗu, furuci huɗu, ma'ana huɗu, babu abin da ya haɗa su sai kamar rubutu. Yaron ya yi shiru yana kallon littafin, sannan ya ce, "Malam bai faɗa mana ba." Wallahi tausayinsa ya kama ni, don ba lalaci ya yi ba. Ya yi aikin da aka sa shi.

Irin wannan jeri fa ba don koyon harshe aka yi shi ba. Don wasa aka yi shi. Tun da Josh Wardle ya saki wasan Wordle, na cankar kalma mai haruffa biyar, a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, intanet ta cika da shafukan da za ka shiga ka ce kana neman kalma mai haruffa biyar da A a tsakiya da E a ƙarshe, su zazzago maka. Mai wasa yana da dama shida ya canki kalmar ranar, kore ya nuna masa harafi ya zauna daidai, rawaya ya nuna harafin yana ciki amma ba a gurbinsa ba. Shi wannan jerin yana yi masa amfani. Kuma ku lura: a farkonsa wasan yana karɓar kalmomi wajen 13,000 a matsayin canka, amma amsoshin da aka ware tun farko ba su wuce 2,300 da ɗoriya ba, saboda an tace sauran, yawancinsu ko Turawan ba su san su ba. Abin da masu ƙirƙirar wasan suka tace suka ajiye gefe, shi ake kwaso wa yaranmu ba tare da an duba ba.

Wani ya ce mini ai ko ba komai yaro zai tara kalmomi. Ya tara ya kai su ina? Kalmar da ba ka san ma'anarta ba, ba ka iya furta ta ba, ba ka taɓa ganinta cikin jimla ba, ba taka ba ce. Wani kuma ya kawo mini zancen zakarun Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa, wai su ma haddace kalmomi suke yi. Madalla. Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble da Faransanci a 2015, bayan ya haddace ƙamus ɗin wasan cikin 'yan makonni, kuma ba ya jin Faransanci. Ya ci kofi, bai iya hira da waɗanda ya kayar ba. Ƙwarewa ce babba, ina girmama ta, amma ƙwarewar wasa ce. Shi kansa bai ce ya iya harshen ba.

Ni ba na gaba da wasan Wordle. Ina yin sa kusan kullum da safe, kuma ranar da na haɗu da baƙuwar kalma nakan buɗe ƙamus in ga me take nufi. Abin da nake roƙo shi ne a tsaya a gaskiya. In wasa kake koyarwa, ka ce wasa ne. In Turanci ne, ba yaro ɗan gajeren labari ya karanta, ya ji kalmar a bakin mai magana, ya gina jimla da ita ko da ya yi kuskure sau goma. Kalma biyar da ya fahimta haka sun fi masa ɗari biyun da ke littafin can. Iyaye, don Allah ku riƙa buɗe littattafan 'ya'yanku, ku nuna kalma ɗaya ku tambayi ma'anarta.