Bututun ban-ruwa a ƙarƙashin ciyawa: tanadin ruwa ne ko ɓarna a ɓoye?

Tallar na'urar ban-ruwa da ake binnewa a ƙarƙashin ciyawar harabar gida ta cika intanet, musamman tunda aka haɗa ta da wayar hannu. Kana wurin aiki ka latsa waya, kawunan feshi su leƙo daga ƙasa, su jiƙa ciyawa, su koma. Mai kuɗi yana da ikon sayen sauƙi, ban da ja a kan wannan. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake tallata ta da sunan tanadin ruwa, har mai gida ya ɗauka alheri ya yi wa muhalli.

A fara da lissafi. Ciyawar ado tana buƙatar ruwa kusan milimita 25 a mako lokacin zafi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan fili mai murabba'in mita 100, wanda ba wani babba ba ne, yana shan lita 2,500 duk mako. Wannan idan kowane ɗigo ya sauka inda ake so ke nan, kuma ba ya sauka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kusan rabin ruwan da ake zubawa a harabar gidaje yana iya tafiya a banza: iska ta kwashe, rana ta busar, saura ya malale kan titi. Wani babban bincike kan amfani da ruwa a gidajen Amurka da Kanada, wanda ya fito a 1999, ya gano cewa gidajen da ke da bututun da aka binne suna kashe ruwa a waje fiye da marasa shi da kashi 35 cikin ɗari, masu agogon kunna kai kuwa da kashi 47.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai riƙe da tiyo yana ganin ƙasa. Ya san inda ta ƙoshi, ya san an yi ruwan sama jiya, idan ya gaji ya rufe famfo. Agogo bai san ko ɗaya ba. An saita shi ranar da aka kafa shi, yawanci a tsakiyar zafi, kuma haka zai ci gaba da feshi har sanyi ya shigo. Da asuba yake aiki, lokacin da kowa ke barci, saboda haka idan injin yankan ciyawa ya fasa kan feshi ɗaya, ruwa zai yi ta tsartuwa makonni ba wanda ya gani. Idan saiwar bishiya ta huda bututu a ƙasa, sai takardar kuɗin ruwa ce za ta kawo labari. Ga kuma illa ga ciyawar kanta: ban-ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana hana saiwa nitsewa, sai ciyawa ta sangarce, kwana biyu ba feshi ta fara ƙonewa. Na'urar da kanta take ƙirƙiro buƙatar da ake cewa ta zo ta biya.

Masu talla ba sa tsayawa a kan ɗawainiya. Bawul, wato abin da ke buɗe ruwa ya rufe, yana lalacewa, wayoyi suna tsinkewa a ƙasa, yashi da gishirin ruwa suna toshe kawuna. Dole a sa abin da zai hana ruwan lambu, mai ɗauke da taki da maganin ƙwari, komawa cikin bututun ruwan sha, kuma shi ma sai ana duba shi. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa, duk shekara sai an hure ruwan cikin bututu da iska kafin sanyi, in ba haka ba su fashe.

Za a ce sababbin na'urori suna duba hasashen yanayi su tsaya idan za a yi ruwa. Sun fi tsohon agogo, amma da wanda ya fi kowa ɓarna ake gwada su, ba da mai tiyo ba. Masu cewa na'urar tana ƙara wa gida daraja kuwa, su duba inda doka ta dosa. A 2021 jihar Nevada ta Amurka ta kafa dokar da za ta hana shayar da ciyawar ado mara amfani da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas, a wuraren kasuwanci da gefen tituna. California ta bi sahu a 2023. Dokokin biyu ba su taɓa harabar gidajen ɗaiɗaikun mutane ba, amma hukumar ruwa ta Las Vegas ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi don su tone ciyawarsu.

Filin ƙwallo da babban lambun shaƙatawa suna da hujja, domin hannu ba zai iya da su ba, kuma akwai ma'aikatan da ke lura. Gidan talakawa da na masu matsakaicin hali ba su da wannan hujja. A rage faɗin ciyawar zuwa inda yara ke wasa, a dasa tsirran da suka saba da yanayin wurin a sauran filin, a ja wa bishiyoyi da furanni siririn tiyo mai ɗigo a saman ƙasa, inda idan ya fashe za a gani a gyara a ranar.