Ɗakin tsohuwa da ke ƙuryar gida

Duk ranar da aka tayar da zancen gidan kula da tsofaffi a majalisa, amsar ba ta canzawa: "Allah ya kiyaye, wannan ai sai Turawa." Kowa ya gyara zama, a ji daɗi, a koma kan tsadar taki. Ni ma na daɗe cikin masu wannan amsa, sai da goggona ta yi wata 14 a kwance a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki.

Ba a kai ta ko'ina ba. Tana ɗakinta, a gidan da ta tsufa tana tuƙa tuwo. Babban ɗanta yana kudu yana sayar da albasa, ƙaramin kuma da an gama kaka sai ci-rani. Jinya ta faɗa kan matar ƙaramin, yarinya mai goyo, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga awaki. Ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Babu dai wanda ya taɓa gaya mata cewa wanda ba ya iya juyawa da kansa sai an riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba nauyin jiki ya toshe jini a ƙugu da duga-dugai, fata ta mutu, gyambo ya ɓarke. Ranar da na ɗaga zanen, na tarar da gyambon da hannun jariri zai shige. Man shanu ake ta shafa masa.

Tun daga ranar na daina cewa ba mu da gidan tsofaffi. Muna da su, kusan a kowane gida: ɗakin nan na ƙurya, mai ƙaramar taga, inda ake miƙa kwanon koko a fito. Ma'aikaciyarsa suruka ce ko jika, ba horo, ba albashi, ba hutu, kuma babu mai leƙowa ya ga yadda aikin ke tafiya.

Ba yabon Turawa nake yi ba. A watan Afrilu na 2020 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kusan rabin waɗanda korona ta kashe a ƙasashen can mazauna gidajen kula da tsofaffi ne. Amma akwai abu ɗaya da suka riga mu: suna tambaya. A Ingila, tun 2009 akwai hukumar da ke shiga irin waɗannan gidaje ta duba, ta ba kowane gida matsayi, ta wallafa kowa ya gani. Abin da ake dubawa ba wani sihiri ba ne. Tsohon yana ci yana ƙoshi? Yana da gyambon kwanciya? Yana yawan faɗuwa? Ana ɗaure shi ko ɗura masa maganin barci don a huta? Ana yi masa magana kamar mutum? Kowace daga cikin tambayoyin nan ta dace da tabarmar goggona, kuma da an yi su a wata na biyu da ba a kai ga abin da na gani ba.

Ku ɗauki ruwan sha kawai. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda saurayi ke ji, ga zafin Afrilu a ƙarƙashin kwanon rufi. Na san gidajen da ake rage wa tsohuwa ruwa da yamma don kada ta jiƙa shimfiɗa, sai ta rikice, a ce gigin tsufa ne. Shi kansa gigin tsufan, in ya zo da gaske, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Amma tsohuwar da ta fara fita tsakar dare tana kiran mijinta da ya rasu shekaru da yawa, abin da take samu kwaɗo ne a ƙofa, wani lokacin har da raɗe-raɗin maita. Ga masu yanar ido da ke zaune cikin duhu shekara da shekaru, alhali aikin bai kai awa ɗaya ba. Hunturu kuma kaskon gaushi a ɗaki a rufe, kusa da mutumin da ba zai iya janye zanensa ba.

Abin da ya fi cin tsofaffinmu, a ganina, shiru ne. Da, tsohuwa tana da aiki: kaɗi, renon jikoki, tatsuniya bayan isha. Tsoho yana da dakali da zaure, ana kawo masa ƙara yana sasantawa. Yau da ƙafa ta gaza sai a shigar da shi ciki, a ce ana hutar da shi. Ɗaukar tsoho a fito da shi inuwa da hantsi, ya ga masu wucewa su gaishe shi, ba ya cin ko kwabo.

A takarda dai ba a bar mu a baya ba. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, asibitin koyarwa na Ibadan kuma ya buɗe sashen tsofaffi tun 2012. Sai dai daga can zuwa ɗakin ƙurya tafiya ce mai nisa. Wasu na ganin mafita ita ce gwamnati ta gina gidan tsofaffi a kowace ƙaramar hukuma. Ban yarda ba. Gini shi ne mai sauƙi, akwai kwangila a ciki. Albashin mai jinya da sabulu da abincin shekara ta uku su ne ke gagara. Kuma raba tsoho da garinsu da masallacinsu wani ciwon ne daban.

Hanyar da ta fi kusa mun riga mun san ta. Matan da suka riƙa bi gida-gida suna ɗiga maganin shan inna, suna rubutu da alli a bango, su suka kai Najeriya ga samun shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar a 2020. Masu unguwanni da dagatai sun san gidan da ke da tsoho a kwance kamar yadda suka san gidan da aka haihu. Jigawa na da mazaɓu 287, Kano na da 484, kuma tsarin asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa shi ne kowace mazaɓa ta samu asibitin da ke aiki. Me zai hana ma'aikacin asibitin nan ya fita sau ɗaya a wata da jerin sunaye, ya auna jini, ya ɗaga zane ya duba baya, ya zauna da mai jinya ya nuna mata yadda ake juya mutum da zanen gado ba tare da ta karya nata bayan ba?

Akwai waɗanda ba su da kowa: matar da ba ta haihu ba, ko wanda 'ya'yansa suka riga shi. Su kam suna buƙatar gida, kuma kunya ba za ta ciyar da su ba. Amma ƙarami, a cikin gari, kusa da masallaci, ƙofa a buɗe ga maƙwabta, daga kuɗin zakka da waƙafi, wanda za a iya shiga a duba ba tare da sanarwa ba. Kano na da hukumar zakka da hubusi, masarautun Jigawa na da kwamitocin zakka.

Saura mu maza. Ayar Suratul Isra'i da muke jawowa, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "tir", da ɗa take magana, ba da matar ɗa ba. Goggo ta rasu da damina. A zaman makoki na ji ana ta sa wa 'ya'yanta albarka saboda kuɗin maganin da suke aikowa. Yarinyar da ta yi wata 14 tana wanke ta tana madafa, tana dafa wa masu ta'aziyya shinkafa.