Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda fiffiken A380 ya riƙa zuwa Tulus a kan tirela

A nan kudu maso yammacin Faransa inda nake zaune, akwai wata hanya da ta tashi daga garin Langon ta ƙare a Tulus, tsawonta kusan kilomita 230. Wanda bai san tarihinta ba zai bi ta bai lura da komai ba, sai dai ya ga shataletale an tsaga masa hanya ta tsakiya, ko ya ga alamar titi an ɗaure ta yadda za a iya cire ta a mayar. An gyara hanyar ne saboda kaya ɗaya tak, wato sassan jirgin sama samfurin Airbus A380, daga 2004 har zuwa ayarin ƙarshe a watan Fabrairun 2020. Ina ganin masu harkar manyan motoci a gida Najeriya, da hukumomin da ke ba su izini, suna da abin koyo a wannan hanya fiye da abin da za su koya a jirgin kansa.

Matsalar daga girman kayan ta taso. Faɗin A380 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kusa mita 80, gangar jikinsa kuma ta haura mita 7 a faɗi, mita 8 a tsayi. A Broughton ta ƙasar Wales ake ƙera fukafukan, sassan gangar jiki a Hambug ta Jamus da Saint-Nazaire ta Faransa, fiffiken bindi kuma a Sifaniya. Wurin harhaɗawa yana Tulus, garin da ba ya bakin teku. Jirgin Beluga da kamfanin ke ɗaukar sassan sauran jiragensa da shi ba ya iya haɗiye waɗannan. Babbar hanyar mota da ta haɗa Bordo da Tulus kuwa cike take da gadoji ta sama, kaya mai irin wannan tsayi ba zai ratsa ƙarƙashinsu ba.

Sai aka raba tafiyar gida uku. Jirgin ruwa mai ƙofa ta baya, irin wanda ake turo kaya a kan taya a shigar, shi ke zagayawa ya kwaso sassan ya sauke a Pauillac, tashar ruwa da ke arewa da Bordo. Na farkonsu sunansa Ville de Bordeaux. Daga nan jiragen fito biyu, Breuil da Brion, ke haurawa da kayan ta kogin Garonne zuwa Langon. A tsakiyar Bordo akwai tsohuwar gadar dutse da aka gama a 1822, bakunanta ƙanana. Ba a rushe gadar ba. Abin da aka yi shi ne ƙera jiragen fiton yadda za su sha ruwa a cikinsu su ƙara nitsewa, sannan a jira lokacin da ruwan teku ya janye, a wuce. Wanda ya makara sai ya jira janyewa ta gaba. Daga Langon tirela ke karɓa: motoci shida a ayari ɗaya, biyu ɗauke da fukafukai, uku da sassan gangar jiki, ɗaya da fiffiken bindi.

Ga inda hankalina ya fi tsayawa. Kafin mota ɗaya ta tashi, an yanke cewa hanyar za ta iya wucewa da kaya mai tsayin mita 14, faɗin mita 8, tsawon mita 50. Da wannan ma'auni aka bi ta taku-taku. Wayar lantarki da ta tarho da ta gitta titi, aka binne ta a ƙasa ko aka ɗaga ta. Kwana mai tsanani aka buɗe ta. Gadar da ba za ta ɗauka ba aka ƙarfafa ta. Wasu garuruwa aka kewaye su da sabon titi. Aka gina wuraren tsayawa masu shinge inda ayari zai yini, domin galibin tafiyar da dare ake yin ta, jandarmomi a kan babura suna rufe hanya a gaba suna buɗewa a baya. Da farko dare uku ake yi, daga baya aka rage zuwa biyu. Aikin ya ci Yuro miliyan 171, kamfanin ya biya fiye da rabi, gwamnati ta cika sauran.

Ƙauyen Lévignac yana cikin waɗanda ba a kewaye ba, a lokacin ta tsakiyarsa ake bi. Da tsakar dare za ka ga gangar jikin jirgi, wadda ta fi gidajen ƙauyen tsayi, tana rarrafe a tsakanin bango da bango kamar tafiyar mai ɗauke da tulu, mutanen gari sun fito kallo. Direba ba da ido kaɗai yake tuƙi ba. An riga an auna layin da kowace taya za ta taka an sa a kwamfuta, allo a gabansa yana nuna masa ko ya kauce. Tayoyin bayan tirelar su ma juyawa suke yi, ba jan su kawai ake yi ba, shi ya sa bayan motar ba ya yanke kwana ya kwashi bangon wani.

To a kwatanta da gida. Mu ba ma ƙera jirgi, amma kullum manyan kaya na hawowa arewa daga Apapa da Tin Can da Onne: taransifoma, injinan tashar wuta, tukwanen masana'antar siminti, bututan iskar gas. Na Nijar kuma shekara da shekaru, har zuwa 2023, ta Kwatano zuwa Gaya suke bi. Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, ya ninka hanyar Langon fiye da sau huɗu. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan kaya ya san hoton: yaron mota a zaune bisa ƙololuwar kaya da doguwar gora mai baki biyu, yana ɗaga wayoyi ɗaya bayan ɗaya, mota na tafiya a giya ta ɗaya, layin motoci ya miƙe a baya. Direbobinmu gwanaye ne, wannan ba a musu. Amma an ɗora musu aikin da ya kamata injiniya ya gama tun kafin kaya su bar ruwa, kuma rayuwar yaron nan ce ake caca da ita duk lokacin da gorar ta taɓa waya mai wuta.

Awon hanya ba sihiri ba ne, kuma ba ya buƙatar Yuro miliyan 171. Ana ɗaukar ƙaramar mota a kafa mata sanda daidai tsayin kayan a kan tirela, a ƙara ɗan rara, a bi hanyar tun daga ƙofar tashar ruwa har ƙofar masana'anta. A rubuta kowace waya, kowace gadar masu ƙafa, kowane allon talla da ya gitta. A auna faɗin kwana da shataletale, a zana a takarda inda bayan tirela zai bi, domin tsawon kaya ne ke cin fili a kwana fiye da faɗinsa. A auna tudu da gangara, a san ko kai ɗaya zai ja ko sai an ƙara wani a baya yana turawa, yana kuma riƙewa a gangara. A duba inda titi ya karkace gefe guda. Kaya mai tsayi nauyinsa a sama yake, karkacewar da motar hatsi za ta wuce lafiya ita ce za ta kifar da taransifoma, musamman in taya ta sauka kafaɗar titi da damina ta jiƙa.

Sai lissafin nauyi, wanda shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar ƙasashen yammacin Afirka ta ba layin taya guda tan 11.5. In kaya tan 100 ne, tirelar kanta tan 30, an samu 130. A raba da 11.5, ana buƙatar layi 12. Wanda ya ɗora wannan a kan layi shida ya ninka wa kwalta nauyi sau biyu, ɓarnar kuwa ba sau biyu take ba, tana kusan ninka sau 16, domin haka lalacewar titi ke hawa da nauyin layin taya. Amma yawan tayoyi titi kaɗai yake ceta. Gajeriyar gada ko kwalbati, in duk layukan sun hau kanta lokaci guda, nauyin gaba ɗaya ta ɗauka. Shi ya sa ake nemo takardun ginin kowace gada a yi lissafi, a tsayar da sauran motoci, a bi ta tsakiya a hankali ba taka birki, ba canza giya. Wadda ba za ta ɗauka ba a shimfiɗa mata dogayen ƙarafa daga wannan baki zuwa wancan, nauyi ya tsallake ta.

Kada a ɗauka a nan Faransa ba a kuskure. A watan Nuwamban 2019, a Mirepoix-sur-Tarn, arewa da Tulus kaɗan, wata babbar mota mai fiye da tan 50 ta hau gadar da aka rubuta mata tan 19. Gadar ta rufta cikin kogi, direban ya mutu, wata yarinya 'yar shekara 15 da ke cikin ƙaramar mota ita ma ta mutu. Doka tana nan a rubuce: duk abin da ya haura mita 25 a tsawo, ko mita 4 a faɗi, ko tan 72, yana rukuni na uku na manyan kaya, sai da izini a kan hanyar da aka tantance. Ranar da aka taka dokar, gada ba ta duba ƙasar da take ba.

Kayan jirgin sama suna da wata fitina ta daban. Ba nauyi ne ya fi damun masu ɗauka ba, saurin jin rauni ne. Wasu sassan an yi su da zaren kabon da aka manne falle-falle. In wani abu ya buge su, fatar waje na iya zama sumul alhali fallayen ciki sun rabu. Saboda haka ba a jefa sarƙa a kan kayan a ɗaure. Kowane sashe yana zaune a kan shimfiɗar ƙarfe da aka ƙera dominsa tun daga masana'anta, shimfiɗar ake ɗaurewa, kuma da ita ake turawa daga jirgin ruwa zuwa na fito zuwa tirela. Tayoyin tirelar a kan na'urar matsin mai suke, in ɗaya ta faɗa rami sauran su raba nauyin, kaya bai ji ba. Babbar taransifoma ma haka take, wawan girgiza na iya gusar da naɗin wayar cikinta, a kai ta tasha lafiya a ido, a kunna ta ƙone. Na'urar da ke rubuta girgizar da kaya ya sha a hanya ƙarama ce, kuɗinta ba komai ba ne a kan kuɗin taransifoma, ya kamata duk mai sayen irin wannan kaya ya sa ta cikin sharaɗin kwangila.

Wani zai ce Faransa ta kashe maƙudan kuɗi a kan jirgin da aka daina ƙerawa a 2021 bayan an sayar da 251 kacal. Gaskiya ne, kuma ba na cewa mu kwaikwayi kashe kuɗin. Matatar Dangote ta bi irin wannan tunani a Lekki, ta gina matsayar jiragenta, da haka ta shigo da tukunyar tace mai da ta haura tan 2,000 a 2019 ba tare da ta bi cunkoson Apapa ba. Amma wannan a bakin teku ne. Arewa ba ta da irinsa, kuma ruwan sama ɗaya da ya cinye gadar Tatabu kusa da Mokwa a 2017 ya nuna yadda hanyar Legas zuwa arewa ta rataya a kan zare.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Baro, garin da ke bakin kogi a jihar Neja. Langon ɗin da ake magana ƙaramin gari ne a bakin kogi inda jirgin fito ke miƙa wa tirela kaya, kuma aikin da Baro za ta iya yi kenan a kogin Neja. Daga can aka ja layin dogo zuwa Kano a 1911. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a watan Janairun 2019, amma ba a haɗa ta da titin da zai ɗauki manyan kaya ba, ba a kuma ci gaba da yashe kogin yadda jirgi zai hauro a kowane lokaci ba. Da za a ɗauki hanya ɗaya daga Baro zuwa Minna, Kaduna da Kano, a auna ta, a rubuta nauyin da kowace gada ke ɗauka, a ɗaga wayoyin da suka gitta ta sau ɗaya, a buga takardar kowane mai tirela ya samu, da an sauke yaron nan daga kan kaya.