A daina zagin kankaren Perret a Le Havre

Har yau akwai Faransawan da in ka ambaci Le Havre, birnin tashar jiragen ruwa a arewacin Faransa, sai su yatsina fuska, wai gari ne na siminti zalla, har laƙabi suka yi masa, Stalingrad ta bakin teku, wato suna kwatanta shi da birnin nan na tsohuwar Tarayyar Soviet. Ni kam ban yarda da su ba ko kaɗan.

A tuna yadda garin ya koma a Satumban 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan jiragen Birtaniya sun yi masa ruwan bama-bamai don fatattakar sojojin Jamus, tsakiyar gari ta zama kufai, mutum wajen 80,000 ba wurin kwana. A 1945 gwamnati ta damƙa aikin sake ginawa a hannun mai zanen gine-gine Auguste Perret, dattijo ɗan sama da shekara 70, wanda tun 1903 ya gina bene da kankare da rodi a titin Franklin na Paris, lokacin da ake ganin kankare kayan gada ne da sito kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne awo ɗaya da ya kafa, mita 6.24 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, kusan ko'ina haka. Wannan ya sa katakon zuba kankare da tagogi da ƙofofi duk girmansu ɗaya, a yi su da yawa a kawo a ɗora, alhali kuɗi da kayan aiki sun yi ƙaranci bayan yaƙi. Gidajen kuma da banɗaki a ciki da na'urar ɗumama ɗaki da manyan tagogi, abin da talakawan tsohon garin da yawa ba su taɓa samu ba. Kuma fa bai lulluɓe kankaren da filasta ba, an gauraya shi da tsakuwa mai launi an sassaƙa fuskarsa, shi ya sa wani bangon ke ɗaukar ruwan hoda in rana ta haska. Cocin Saint-Joseph ma haka, hasumiya mita 107 da gilasai masu launi sama da 12,000, Perret kuwa ya mutu a 1954 bai ga kammalawarta ba.

Na san tsofaffin mazauna sun yi kewar lungunansu, kuma titi mai faɗin mita 80 irin Avenue Foch ba ya daɗin tafiya in iskar teku ta taso, wannan gaskiya ne. Amma bam ne ya cinye lungunan nan, Perret baraguzai ya tarar da mutane masu jiran ɗaki. A 2005 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsakiyar garin cikin kayan tarihin duniya, kuma har yanzu iyalai ne ke zaune a gidajen.