Ranar Da Na Wanke Wa Uwargida Kasko

A gidan da na taso, baƙi a cikin tukunya alamar ƙazanta ce, domin mahaifiyarmu ba ta yarda a kife tukunya sai an dirje ta da toka da yashi har mutum ya hangi fuskarsa a jikinta. Da wannan tarbiyya na shiga madafa ranar wata Asabar da uwargida ta tafi gidansu suna, ta bar ni da kwanukan karin kumallo.

Ina cikin wanke-wanke sai idona ya faɗa kan kaskon suyar da yayarta ta kawo mata tsaraba daga Umara, yana rataye a jikin ƙusa, cikinsa baƙi ƙirin. Na girgiza kai cikin takaici, ina mamakin yadda wata uku kacal suka isa a mayar da sabon kasko haka, sannan na ƙudurta cewa yau zan koyar da tsafta a aikace ba tare da na ce uffan ba.

Soso da sabulu ba su yi masa komai ba. Ruwan ma ba ya zama a cikinsa, sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare kamar a kan ganyen gwaza, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa maiƙo ne ya daskare. Na koma ga soson ƙarfe, na aiki yaro ya ɗebo toka a wurin mai ƙosai, na haɗa da yashin masu gini, inda ya gagara kuma na sa bakin cokali na kankare. Bayan awa biyu, da gumi da tsagewar farce, farin alminiyam ya bayyana yana walƙiya, na jingine shi a inda duk mai shigowa zai fara gani.

Da la'asar ta dawo tare da ƙanenta mai karatun injiniya. Ta tsaya cak a ƙofar madafa, ta yi salati, sannan ta ce, "Malam, me kaskona ya yi maka?" Ƙanen ya ɗauka ya jujjuya shi, yana ta kokawa da dariya saboda kunyata, ya ce, "Yaya, ai abin da ka kankare shi aka saya, sauran gwangwani ne kawai."

A tsaye na sha karatu. Ashe baƙin nan shafe ne na wata irin roba da ake kira Teflon, wadda kusan babu abin da ke manne mata. A 1938 wani masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett, ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, yana binciken iskar sanyaya firji, ya buɗe tukunyar gas bai ji komai ya fito ba, da aka yanka ta sai aka tarar iskar ta zama wani farin gari mai santsi. Nan na yi wuf na ce ai tunda fari ne, gaskiyata ce da na cire baƙin, sai ya ce launi ne masana'anta ke zubawa da gangan, ƙofar gudun da na hango ta rufe. Ya ƙara da cewa ruwan asid ba ya cin wannan roba, shi ya sa aka toshe mahaɗar bututu da ita a masana'antar yuraniyam lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce farin tef ɗin da masu gyaran famfo ke naɗawa a bakin bututu, kuma da ita ake lulluɓe wasu wayoyin lantarki na jiragen sama. Rauninta shi ne laushi, ga kuma wuta idan ta haura digiri 260 a ma'aunin Celsius. Wato abin da ya gagari asid, ni na gama da shi da tokar mai ƙosai, kuma ban ɓoye ba, na ɗan ji alfahari.

Alfaharin bai daɗe ba, domin ƙanen nata ya ci gaba da cewa wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, shi ya shafa wannan roba a kasko a 1954 bisa shawarar matarsa, daga nan aka kafa kamfanin Tefal a 1956. Uwargida, wadda tun ɗazu ba ta tanka ba, ta ce, "Allah sarki, shi dai ya tambayi matarsa."

Don in kare mutuncina na fasa ƙwai biyu a kaskon nawa mai walƙiya. Suka kama shi kamar an zuba siminti, rabi ya fito a cokali, rabi ya zauna har washegari.

Ranar Litinin muka nufi kasuwa, kuɗin da na ware don ɗinkin sabuwar riga suka tafi. Mai shago ya nuna mana wani sabon samfuri mai shafen siramik, wanda ake haɗawa daga sinadarin da ke cikin yashi, ya kuma gargaɗe mu da cokalin katako da soso mai laushi, yana magana yana kallon uwargida, ita kuwa tana kallona. Akwai baƙi, akwai mai ruwan toka, amma ta zaɓi fari fat, ta gaya wa mai shagon cewa maigidanta mutum ne mai tsafta ƙwarai. Tsohon kaskon yanzu kaji ke shan ruwa a ciki, kuma wankinsa na kowace safiya an bar mini.