Gyaran da Zorki ta yi mini ranar suna

Kawuna ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet, kuma abin da ya rage masa na can bai wuce hular sanyi da wata kyamara mai suna Zorki ba. Hular ba ta da kasuwa a Kano, sai na roƙi kyamarar. Ya miƙo mini yana cewa, "Ka iya sa mata fim kuwa?" Na ce haba Kawu, mu da muke latsa waya dare da rana.

Ita Zorki ɗin nan an fara ƙera ta a 1948 a Krasnogorsk, kusa da Mosko, kwaikwayon Leica II ta Jamus wadda ta fito a 1932. Sun kwaikwayi komai har da taurin kai: bayanta ba ya buɗewa. Na murɗa nan, na danna can, na sa farce, shiru. Ashe ta gindi ake shiga. Sai ka kifa ta, ka murɗa makulli, ka cire farantin ƙasa, sannan ka zura gwangwanin fim da kwarkwaron da ke naɗe shi lokaci guda cikin wani siririn tsagi, ba ka ganin abin da ke gudana a ciki.

Kuma fim ɗin yanzu harshensa gajere ne. Dole ka rage faɗinsa da almakashi har tsawon kamar santimita 10, ka bi tsakanin hudojin gefe kada ka tsaga ko ɗaya, in ba haka ba ya sarƙe ya ɓalle, ɓarɓashinsa ya shiga labulen da ke buɗe wa haske. Na ɗauko almakashin ɗinkin uwargida. Ta leƙo ta ce, "Baban Ummi, da shi nake yanka leshin mutane fa." Na ce aikin injiniya ake yi, a ba ni wuri.

Ranar sunan ɗan ƙanwata na rataya ta a wuya, na hana kowa fito da waya. Irin wannan kyamara ba ta san gaggawa ba. Taga biyu gare ta: a ɗaya za ka ga mutum ya rabu biyu, ka yi ta murɗa gilashi har ya koma ɗaya, sannan ka koma ɗaya tagar ka tsara hoton. Kafin in haɗe Goggo wuri guda murmushinta ya ƙare, ta ce, "Kai ɗan nan, hoto kake ɗauka ko duba kake mana?" Ta kuma kafa sharaɗi: ita da kishiyarta ba za su shiga hoto ɗaya ba. Na ɗauki kowacce daban. Na ɗauki rago kafin yanka, na ɗauki wanzami, na ɗauki maroƙi, shi kuwa ya wasa ni har sai da na yi masa kyauta.

Fim ɗin mai hoto 36 ne. Ƙidaya ta kai 36, na murɗa, ta tafi sumul. Ta wuce 40, ta zagayo ta sake farawa. Na ce Allah Ya yi wa masu fim albarka, har gyara suke yi kamar mai awon gero.

Da la'asar na je ina ba Kawu labarin gyara. Bai ce uffan ba. Ya karɓa, ya murɗa maɓallin dama, idonsa na kan na hagu, wanda ake mayar da fim cikin gwangwani da shi. In haƙoran ciki sun kama hudojin fim, na hagun nan shi ma sai ya juya. Ko motsi bai yi ba. Ita ƙidaya murɗi kawai take lissafawa, ko da fim ko babu.

"Tun safe fim ɗinka yana nan inda ka ajiye shi," in ji Kawu. "Duk wanda ka ɗauka, a kan ɗan guntun nan guda ya sauka."

Na ce, "Har da Goggo?"

Ya ce, "Da ita, da kishiyarta, da ragon. Amma kada ka gaya mata ni na faɗa."