Kan ajiye jarkar fetur a mota

Shawarar da wani labari ya bayar, cewa masu mota su ajiye man ko-ta-kwana saboda ambaliya ko tashin hankali, tana kan hanya. Amma jama'a, yadda za a ajiye shi ne abin dubawa.

Jarkar man gyaɗa ko galan ɗin ruwa ba na fetur ba ne. Murfinsu ba ya riƙe tururi, robar kuma tana iya tsagewa. A nemi jarkar ƙarfe mai roba a bakin murfi. Lita 20 ta isa: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta kai ka Bauchi daga Gombe har da saura.

Kada a cika ta maƙil. A bar kamar yatsu uku a sama, domin fetur na kumbura da zafi, ga kuma ranar Gombe a Maris da Afrilu. In za a zuba mata mai a gidan mai, a sauke jarkar ƙasa, bakin famfo na taɓa bakinta. Cika ta a cikin but na iya haifar da tartsatsi. A ɗaure ta tsaye, nesa da batir da fasinjoji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ashana ɗaya ta ishe shi ya kama wuta.

Fetur na lalacewa in ya daɗe, don haka duk wata uku a juye shi a tanki a sake sabo. A riƙe mazurari da tukunyar kashe gobara mai hoda, don ruwa yaɗa wutar fetur yake yi.